Adireshin da Ke Jikin Takardar Ƙosai

Ran sunan ɗiyar ɗana Babangida, ina zaune a ɗaki mata na shigowa barka, na ji shi a tsakar gida yana ce wa matarsa kada ta yarda in taɓa wayarta, wai ni ce matar da ta taɓa goge kwamfutar asibiti ƙaf har aka jefa ta ƙauye. Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma da na koma gida maganar ta tsaya mini a rai kwana uku. Ban ga laifinsa ba, abin da ya tashi yana ji ke nan a bakin mutanen Gummi, kuma ni ban taɓa buɗe baki na musa ba. To yau zan musa. Ku zauna ku karanta dukanku 'ya'yana, kai Babangida da kai za a fara, tunda kai Allah ya ba baki.

A shekarar da na yaye Auta, ni ce mai riƙe da rijistar marasa lafiya a sashen tarin fuka da kuturta na wani ƙaramin asibiti a Gummi. Wata ƙungiya da ke ba mu magani ta kawo mana kwamfuta da injin buga takarda, ta kafa farantin kamo intanet a kan rufi, ta kuma kawo wani abu da ake kira wiki. Ku yanzu kun saba da irinsa a waya, mu a lokacin sai da aka kai mu Gusau aka yi mako guda ana koya mana. Shafi ne a intanet wanda duk ma'aikacin da ke da lambar sirri zai buɗe ya yi rubutu, na Anka ya ƙara a kan abin da na Bukkuyum ya rubuta, ni a Gummi in gyara. Kowane marar lafiya da shafinsa. Kuma kada ku ji na ce na goge shi ku zaci ƙinsa nake yi. Wallahi ina son abin nan. Kafin zuwansa, makiyayi zai fara shan magani a wurinmu, ya bi shanu ya yi Gwashi, daga nan ya ɓulla Anka, shi ke nan ya ɓace mana, magani ya katse, ciwo ya dawo. Da wiki kuwa duk asibitin da ya faɗa za a buɗe a ga inda ya tsaya. Cikin waɗanda aka koya wa ni na fi kowa kamawa, wannan ba yabon kai ba ne, kowa ya sani. Har kodinetan shirin, wani Alhaji da ke zaune a Gusau, ya ba ni babban mabuɗi, wato lambar da ke iya buɗe kowane shafi da share shi, ya kuma ce da zarar baƙin ƙungiyar sun zo sun ga aikin za a mayar da ni Gusau in riƙa koya wa ma'aikatan jiha. Da gida, da mota mai kai ni aiki.

Babanku ya fi ni murna. Ya riga ya je ya gano makarantar da zai sa Babangida, yana ta kwatanta mana ɗakin karatunta. Inna kuwa, mahaifiyata, da ke zaune tare da mu tun rasuwar Baba, ba abin da take yi sai tsiya.

“Ke wagga,” haka take kirana, don ni ce ta fari ba ta faɗin sunana, “wai akwatin nan da kike dannawa duk yini, shina ba mutane magani ne?”

“Inna, tunawa yake yi. Ba ya mantuwa.”

“To Allah shi kyauta. Ni abin da ba shi mantuwa tsoro shike ba ni.”

Na yi mata dariya a ranar.

Akwai wata mata da zan kira Goggo Abu, ba sunanta ba ne. Ƙosai take soyawa a bakin tasha, mijinta ya rasu, da kaskon nan take riƙe da gida da 'yan mata biyu waɗanda duk an kawo kuɗin gaisuwarsu. Wata safiya ta zo asibiti ta ce ciwon kai, ta jira har kowa ya watse, sannan ta ja ni bayan labule ta kwance zane ta nuna mini wani farin tabo a gadon bayanta. Ta ce mai mai zafi ya fallatsa a wurin ba ta ji ba. Na kira Sista Rahila, nas ɗinmu 'yar Filato, ta gwada wurin da auduga da tsinke. Kuturta ce, farkon kamu. Muka gaya mata gaskiya: in ta sha magani shekara guda ba fashi za ta warke sarai, ba yatsan da zai taɓu, kuma daga ta fara sha ba ta iya sa wa kowa. Ba ta ko saurari wannan ba. Ta kama hannuna da hannu biyu.

“Ɗiyata, kin san garin ga. In anka ji, ba mai sake cin ƙosaina, kuma ɗiyan nan nawa sun zauna ke nan. Ki rantse mani ba mai ji. Ko su ba ni son su ji.”

Na rantse mata. Daga nan kowane wata nakan saka maganinta a cikin jaka in tsaya sayen ƙosai, in miƙa mata tare da kwano kamar ba komai. Maganin yana sa fata ta yi duhu, sai ta riƙa ce wa mutane hayaƙin itace ne, kowa ya yarda.

Yanzu ga kurakuranmu, guda biyu ne, kuma duka da hannuna a ciki. Na farko, an ce mana kada mu rubuta sunan kowa a wiki, lamba kawai. Muka bi. Amma a ƙasarmu gidaje ba su da lamba, in mutum ya yi fashin magani dole a san inda za a same shi, sai muka riƙa rubuta kwatance. Mahaucin da ke yanka a gindin durumi. Matar limamin unguwa kaza, ta biyun. Ku da kanku kun san a Gummi in ka ce Zainabu Muhammadu ba ka ce komai ba, akwai su da yawa, amma in ka ce mai ƙosai ta bakin tasha ka gama magana. Mun ɓoye sunan da ba wanda ya sani, mun rubuta wanda kowa ya sani. Na biyu, injin buga takardar nan yana da wata ɗabi'a: duk shafin da ka buga sai ya ƙaro maka takarda ta biyu fara fat, ba komai a jikinta sai wani dogon adireshi da ƙananan haruffa can ƙasa. Ta farko mukan sa a fayil mu kulle. Ta biyun kuwa suka taru mana tuli, kuma a wurinmu ba a zubar da farar takarda. Masinja ya ɗiba ya kai wa mai tsire, masu shara suka kai wa masu gyaɗa, ni kuma na zaɓi masu kyau na riƙa kai wa Goggo Abu tana ƙunshe ƙosai. Har godiya take yi mini, wai ƙosanta ya zama na 'yan boko.

Ana saura mako biyu baƙi su zo, aka yi wani hadari da iska da ya karkatar da farantinmu, intanet ta ɗauke. Ina da bayanan karɓar magani da dole su shiga, don haka da hantsi na nufi shagon intanet ɗaya tilo da ke garin, kusa da tasha. Na tsaya na sayi ƙosai wurin Goggo. Sai da na zauna gaban kwamfutar shagon na tuna ban haddace adireshin wiki ba, a ofis danna shi kawai muke yi. Ina ta tsaki, idona ya faɗa kan takardar ƙosan da ke cinyata, ga adireshi a ƙasa. Na ce alhamdu lillahi, na kwafe shi harafi bayan harafi, na danna, ina shirin sa lambar sirri.

Ba a tambaye ni lambar sirri ba. Shafi ya buɗe ɗoɗar, na wani mai tarin fuka a Bukkuyum, da kwatancen gidansa da komai. Na duba hagu na duba dama. Wannan kwamfuta ban taɓa taɓa ta ba a rayuwata. A ƙarshen adireshin akwai lamba, na sauya ta, sai ga shafin wata mata a Anka. Na sa lambar Goggo, wadda na sani kamar sunana. Ga shi nan, rubutuna ne, ni na rubuta shi: mai ƙosai ta bakin tasha, kuturta, wata na biyar da fara magani, kada a je gidanta, 'ya'yanta ba su sani ba. Ta tagar shagon ina hango ta tana juya ƙosai a kasko. Innalillahi kawai nake maimaitawa.

Bari in yi muku bayanin abin yadda na fahimce shi daga baya. Wiki ɗin yana da ƙofar gaba, a nan ake tambayar lambar sirri, kuma tana aiki daidai. Amma in za a buga shafi a takarda, manhajar tana bi ta wata hanya dabam, kuma waɗanda suka ƙera ta sun manta ba su sa mai gadi a wannan hanyar ba. Adireshin wannan hanyar ne injinmu ke bugawa a ƙasan takarda. Kamar gida ne da aka sa wa zaure ƙaton kwaɗo, aka bar katangar baya a faɗe. Nan take na shiga da mabuɗina na share kwatancen Goggo, na ce na huta. Na sake gwada hanyar bayan, na rage wata lamba ta biyu da ke cikin adireshin, mai nuna gyara na nawa ne, sai ga tsohon rubutun ya dawo ba abin da ya taɓa shi. Wiki ba ya zubar da abin da aka goge, ajiyewa yake yi. Maganar Inna ta faɗo mini a rai.

Na fita waje na kira Alhaji kodineta a waya. Na yi masa bayani sau biyu.

“Malama Hadiza,” ya ce, “yaron da ya haɗa mana abin nan ya tafi karatu waje, ba mai taɓa shi sai ya dawo. Kuma tsakani da Allah, wa zai zauna a Gummi ya kwafi wannan dogon adireshi? Mutanen da rabinsu ba su taɓa ganin kwamfuta ba?”

“Ranka ya daɗe, ni na kwafa yanzun nan. A rufe shi ko na kwana kaɗan ne.”

“A rufe, baƙi na hanya? Shekara biyu muna gina abin nan. Ki bari su zo su tafi, sai a duba. Kada ki ɗaga wa kowa hankali.”

Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Bai taɓa ganin Goggo Abu ba ne kawai.

Ni da Sista Rahila muka bi gari da tsofaffin jaridu muna musanya. Mai tsire, masu gyaɗa, mai ƙuli, Goggo kanta, duk muka ce masu tawadar injin tana da illa ga abinci. Muka tara abin da muka samu muka ƙona a bayan asibiti. Amma wata nawa ana ƙunshe abinci da su? Sun shiga kowane gida. Na riƙa lallashin kaina da maganar Alhaji, cewa ba mai kwafa, har kwana uku. Rana ta huɗu na koma shagon, farantinmu bai gyaru ba, na tarar da wani mutum da ake kira Malam Rediyo. Ma'aikaci ne a sakatariya, kuma ba don yana gyaran rediyo aka sa masa sunan ba. In ya ji abu da safe, kafin azahar an ji shi a kasuwa. Yana zaune gaban kwamfuta, ya baje wata takarda mai maiƙo a kan tebur yana leƙa ta. Mai shagon ya taɓa gaya mini haka mutane ke yi: in sun sayi rabin awa suka duba wasiƙa suka ga ba komai, sai su hau gwada duk adireshin da suka gani, na jikin kwalin sabulu, na kalanda, na buhun taki.

“Yawwa Malama, Allah ya kawo ki,” ya ce. “Duba mani nan, wanga bakwai ne ko ɗaya? Mai ya ɓata shi. Na ga kamar sunan aikinku a ciki, na ce bari in ga mi kuke ɓoyewa.”

Yana dariya yake faɗa. Na karɓi takardar, na ƙura mata ido kamar mai nazari, na ce masa ai wannan adireshin ya mutu tun bara, na dunƙule ta na jefa a jakata.

“To ba komai,” ya ce. “Akwai irinta da yawa a gida, iyali na kawowa. Gobe in zo da mai kyau.”

Na tashi na nufi gida. Bayan la'asar na sami babanku a ƙarƙashin rumfa yana duba littattafan ɗalibansa, Inna na gefe tana tsinke zogale. Na gaya masu komai ban da sunan kowa. Na ce hanya ɗaya ta rage: babban mabuɗin da ke hannuna yana iya share shafi har tushe, da tsofaffin rubutunsa duka, yadda ba zai dawo ba. Kuma ba na mutum ɗaya zan share ba, don duk wanda ya iya sauya lamba zai ga na kowa. Na Gummi, na Anka, na Bukkuyum, duka.

Babanku ya ajiye jan birosa.

“Hadiza, ba ke kika ƙera shi ba, ba ke kika bar kafar ba. Kin gaya wa na gaba da ke. Ki rubuta a takarda ki ajiye kwafi, in abu ya faru ba laifinki.”

“In ya faru, kwafin zai mayar wa mutane da mutuncinsu?”

“Kin san abin da za ki goge? Ba shafuka kaɗai ba ne. Gusau za ki goge. Makarantar yaron nan za ki goge.”

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Inna ba ta ɗago kai daga zogalenta ba.

“Ke wagga, cikin mutanen nan akwai wanda kinka yi ma rantsuwa?”

“Akwai, Inna. Wata mata ce, ita…”

“Kar ki hwaɗa mani ko wa ce! Ba ni son in sani.” Ta kakkaɓe zanenta. “Kinka rantse, kuma takardar da hannunki kinka kai ta. To mi kike tambaya? Tashi ki tahi.”

Babanku bai hana ni ba, bai kuma ce in je ba. Ya ɗauki birosa ya ci gaba da maki.

Ban yi haukan share abu haka kawai ba, wannan ku riƙe shi da kyau, don shi ne abin da masu ba da labarina ke tsallakewa. Da sassafe na je na kama kwamfutocin shagon nan biyu na yini guda, na ce aikin asibiti ne na gaggawa, don kada Malam Rediyo ya sami wurin zama. Ya zo kuwa, da takardarsa a aljihu, ya yi ta mita ya tafi. Haka na yi washegari, da wanshekaren washegari. Ni da Sista Rahila muka juya fuskar kwamfutocin bango, muka buɗe manyan rijistoci uku, ɗaya na kowace ƙaramar hukuma, muna kwafe kowane shafi da biro: lamba, magani, watan da aka kai, kwatance. In mun gama shafi ta karanta mini in duba, sannan in share shi har tushe, in gwada hanyar baya in ga ya ce babu. Yatsuna suka kumbura. Rahila ta ce mini tun ranar farko, “Hadiza, kin san za su ci mu ko?” Na ce mabuɗina ne, sunana kaɗai zai fito, ita ba ta ga komai ba. Rana ta uku da yamma na share na ƙarshe. Na Goggo na fara sharewa, amma sai a lokacin na ji numfashina ya sauka. Rijistar Anka da ta Bukkuyum na ba direban motar maganinmu a kulle cikin akwati, ba marar lafiya ko ɗaya da ya yi fashin magani saboda abin da na yi.

Ranar da baƙi suka zo an tara mu a Gusau, an kafa farin allo, an jera kujeru. Na riga na aika wa Alhaji saƙo tun ranar da na gama, ashe bai buɗe ba, yana ta hidimar masauki. Ya tashi ya yi jawabi mai daɗi, ya danna, allo ya nuna sunan shirin da kyau, ƙarƙashinsa wayam. Ya sake dannawa. Na miƙe tsaye na ce ni na share, kuma ga dalili. Na roƙi wata baƙuwa cikinsu, wata dattijuwa mai gilashi, ta ba ni kwamfutarta da ba ta taɓa shiga wikinmu ba. Na ciro takardar maiƙon nan ta Malam Rediyo daga jakata, na warware ta, na kwafi adireshin, na sauya lambar zuwa ta wani kullallen shafi da na bari da gangan, na jadawalin hutun ma'aikata. Ya buɗe a gaban kowa ba tare da lambar sirri ba. Na ɗaga takardar na ce da wannan ake ƙunshe ƙosai a garinmu.

Matar nan ta karɓi takardar ta juya ta, ta shinshina, ta dube ni ta daɗe. Daga baya aka gano masu manhajar sun san da wannan kafa, sun ma fitar da gyaranta watanni kafin nan, ba dai wanda ya sa mana gyaran. Aka toshe, aka sake gina wiki daga rijistocin nan uku da muka rubuta da hannu, aka hana rubuta kwatance a ciki, aka sayo injin yayyanka takarda aka kai kowane asibiti. Duk wannan ya faru, kuma ina alfahari da shi.

Amma na kunyata babba a gaban baƙinsa, na kuma yi abin da aka ce kada in yi. Aka kafa kwamiti. Suka ce in kawo mutum ɗaya tak da abin ya kusa cutarwa, su ji daga bakinsa. Na ce ba ni da wanda zan kawo. Suka ce to ashe zato ne. Na ce su rubuta zato. Bayan wata guda takarda ta fito: an karɓe mabuɗi, kujerar Gusau an ba wani, ni kuma an mayar da ni ɗakin shan magani na Nasarawa Burkullu, inda ko wutar lantarki babu balle kwamfuta. Shekara shida na yi ina bin hanyar nan a bayan babur, da damina mu sauka mu tura, in zo gida ran Alhamis in koma ran Asabar. Auta a hannun Inna ta girma. Babanku ya yi kusan shekara maganarmu ba ta wuce gaisuwa da cefane ba, kafin Allah ya sanyaya masa zuciya. Kai kuma Babangida ka yi karatunka a ajin da kuke zaune a ƙasa. Wannan kason kai ka biya shi, ba a tambaye ka ba, kuma ban taɓa ba ka haƙuri ba. Ka yi haƙuri.

Za ku ce me ya hana ni faɗin gaskiya a gari, na bari ana cewa na danna abin da ban sani ba na lalata kayan mutane. Ku yi tunani. In na ce akwai asirin marasa lafiya a takardun ƙosai, kowa zai hau tambayar asirin wa, a fara kallon kowane mahauci da kowace mai abinci, a tuna wa aka gani yana shiga sashenmu, a tuna wurin wa nake tsayawa kowane wata da jaka. Gara a ce Hadiza sakarya ce. Malam Rediyo da kansa ya yaɗa wannan, ya yi mini aikin da nake so ba tare da ya sani ba.

Ranar da zan fara tafiya Nasarawa Burkullu na tsaya a bakin tasha. Na riga na damƙa sauran maganin Goggo a hannun Sista Rahila, ita ma ta koyi son ƙosai. Goggo ta cika mini leda ta ƙi karɓar ko kwabo, tana girgiza kai.

“Ɗiyata, wai da gaske kin ɓata masu na'ura? Ke ma dai da rawar kai. Abin Turawa ai ba a yi mai gaggawa.”

“Wallahi Goggo, tsautsayi ne,” na ce.

Ba ta taɓa sani ba. Ta gama maganinta, ta aurar da 'ya'yanta biyu rana ɗaya, rabin garin nan ya ci abincin da ta dafa da hannunta. Kada ku ɓata lokacinku kuna lissafa masu ƙosan Gummi, na sauya abin da ya kamata in sauya, ba za ku gano ta ba. Wayar matarka kuma, Babangida, ka ce ta kawo mini in duba mata, na tabbata ta bar wata ƙofa a buɗe.

Goggo ta rasu da daminar bara, da yatsunta goma cif. Gidan ya cika har waje, mata na rububin kama hannun 'ya'yanta suna ba su haƙuri. 'Yarta ta fari ta ce Goggo ta bar wasiyya ni zan yi mata wanka, suna ta mamakin me ya haɗa mu haka. Da muka juya ta, na ga wurin a gadon bayanta, ya koma ɗan shaci da sai wanda ya san da shi zai lura. Matar da ke zuba mini ruwa ta sunkuyo za ta taya ni. Na ce mata ta miƙo likkafani, na ja na rufe.